Yadda Ake Amfani da Motsa Jiki Wajen Rage Damuwa da Fargaba

Da wuya mutum ya kai kukan damuwa, ko rashin barci, ko yawan fargaba wurin likita ba tare da an ce masa "ka riƙa motsa jiki" ba. Shawarar daidai ce, sai dai an cika ba da ita a dunƙule, babu adadi babu tsari. Ga shi kuma abin da ciwon damuwa ke fara ƙwacewa shi ne kuzari da sha'awa, wato ainihin abubuwan da ake buƙata kafin a ɗaura takalmi a fita. Don haka tsarin da ke ƙasa an gina shi ne don ranar da ka tashi jiki a mace. Wanda ya iya bin sa a irin wannan rana, sauran ranakun ba za su ba shi wahala ba.

Abin da motsi ke yi wa ƙwaƙwalwa

Amfanin iri biyu ne, kuma rashin bambance su na sa mutane da yawa su daina tun ba a je ko'ina ba. Na farko yana zuwa nan take: bayan tafiyar minti 20 zuwa 30 da ɗan sauri, jiki na sakin sinadarai irin su endofin da ke rage raɗaɗi da kwantar da hankali, tsokar wuya da kafaɗa ta saki, saƙe-saƙen zuci su lafa. Wannan sauƙin na 'yan sa'o'i ne, washegari yana iya gushewa. Na biyu shi ne wanda ake nema, kuma sai an jera makonni ana yi yake bayyana. Motsi na yau da kullum na ƙara wani sinadari da ake kira BDNF, wanda ke taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su rayu su kuma ƙulla sabbin hanyoyi tsakaninsu. Yana horar da jiki ya riƙa saurin komawa daidai bayan tashin hankali, maimakon kotisol, sinadarin da jiki ke saki lokacin tashin hankali, ya daɗe yana yawo a jini. Yana kuma gyara barci, wanda shi kaɗai ma rabin magani ne ga mai damuwa.

An gwada wannan a aikace. A 1999, masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka ƙarƙashin James Blumenthal sun raba mutum 156 masu shekara 50 zuwa sama da ke fama da ciwon damuwa gida uku: wasu motsa jiki sau uku a mako, wasu maganin damuwa mai suna sertraline, wasu duka biyun. Bayan mako 16, sauƙin da rukunonin uku suka samu kusan ɗaya ne, ko da yake masu shan magani sun riga jin sauƙin. A ƙasar Nowe an bibiyi mutum sama da 33,000 tsawon shekara 11, aka ƙiyasta cewa da kowa na yin ko da sa'a ɗaya a mako, da an kauce wa kashi 12 cikin 100 na ciwon damuwar da ya same su daga baya. A 2024 kuma mujallar likitoci ta BMJ ta haɗa sakamakon gwaje-gwaje 218, inda tafiya, sassarfa, yoga da ƙarfafa tsoka suka fito cikin waɗanda suka fi tasiri. Abin lura a nan shi ne, riba mafi girma tana wajen wanda ya tashi daga zaman dirshan zuwa ɗan motsi kaɗan.

Mataki na farko: duba jikinka da magungunanka

Lafiyayyen mutum zai iya fara tafiya yau ba sai ya ga likita ba. Amma a fara ganin likita idan akwai ciwon zuciya, ciwon suga, ciwon ƙoda, hawan jinin da bai daidaita ba, ciwon ƙirji, sumewa, ko haki daga ɗan ƙaramin aiki. Mai juna biyu ma ta tuntuɓi masu duba ta, duk da cewa tafiya na da amfani gare ta matuƙar cikin lafiya yake.

Maganar magunguna ce aka fi mantawa da ita. Mai shan lithium, maganin ciwon da ke jujjuya mutum tsakanin tsananin zumuɗi da tsananin damuwa, ya kula ƙwarai: yawan gumi da ƙarancin ruwa a jiki na iya sa maganin ya taru a jini har ya zama guba, alamunsa su ne karkarwar hannu mai tsanani, amai, gudawa da tangaɗi. Propranolol da atenolol, magungunan hawan jini da zuciya, na hana bugun zuciya hawa, don haka mai shan su kada ya auna ƙoƙarinsa da bugun zuciya. Wasu magungunan taɓin hankali na rage wa jiki ikon jure zafi, suna kuma sa jiri idan an miƙe da sauri. Magungunan barci da na kwantar da hankali irin su diazepam na sa a yi saurin faɗuwa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke hana motsa jiki, illa dai a san da su a tsara lokaci da ƙarfin aikin daidai da su.

Mataki na biyu: rubuta inda kake yanzu

Samu ƙaramin littafi. Kafin kowane fita, ba wa yanayin zuciyarka maki daga 0 zuwa 10, inda 0 ke nufin ƙunci mafi muni, 10 kuma walwala. Minti 10 bayan ka dawo, sake ba da maki. Ƙara da awannin barcin daren jiya. Wannan ba ado ba ne. Ciwon damuwa na ɓata tunawa, yana sa mutum ya rantse cewa babu abin da ya canza alhali ya canza. Ranar da zuciya ta ce "ba amfani", littafin zai nuna maka cewa sau tara cikin fita goma ka dawo da maki sama da wanda ka fita da shi, ko kuma ya nuna maka gaskiya cewa tsarin bai karɓe ka ba, a sauya.

Mataki na uku: zaɓi abin da za ka yi

Tafiya da ɗan sauri ita ce ta fi dacewa da mai farawa, don ba ta buƙatar kaya sai takalmi mai daɗin sawa, kuma ba ta cika jawo rauni ba. Mai ciwon gwiwa ko ƙiba sosai ya fi samun sauƙi da keke ko iyo. Wanda kaɗaici ke cikin abin da ke damunsa ya nemi abin da ake yi da mutane, kamar ƙwallo ko tafiyar rukuni. Wanda kuma fita cikin jama'a ke tayar masa da hankali ya fara a ɗaki: taka-taka a wuri ɗaya, hawa da sauka a matakala, ko tsallen igiya. Kada ka zaɓi abin da ka tsana don an ce ya fi ƙona kitse. Ba rage ƙiba muke nema a nan ba, kuma haɗa wannan tsari da ma'aunin nauyi kan kashe gwiwa, domin nauyi ba ya saurin sauka kamar yadda zuciya ke saurin samun sauƙi.

Mataki na huɗu: gane ƙarfin da ya dace

Matsakaicin ƙarfi ake so, kuma hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce magana. Idan kana iya rera waƙa kana tafiya, ka yi sanyi da yawa. Idan kana iya magana jimla-jimla amma waƙa ta gagara, ka samu daidai. Idan ba ka iya furta kalma uku ko huɗu sai ka tsaya jan numfashi, ka shiga mai tsanani. Ga mai son lissafi, taku 100 a minti ɗaya shi ne kusan matsakaicin ƙarfi ga yawancin manya: ƙirga takunka na daƙiƙa 15, ya kai 25.

Ana kuma iya amfani da bugun zuciya. Cire shekarunka daga 220, abin da ya rage shi ne ƙiyasin iyakar bugunka a minti. Matsakaicin ƙarfi na tsakanin kashi 64 zuwa 76 cikin 100 na wannan adadi. Mai shekara 40 iyakarsa 180, don haka zai nemi bugu 115 zuwa 137 a minti. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Ƙiyasi ne kawai, yana iya saɓawa da bugu 10 ko fiye, saboda haka idan lissafi da numfashinka suka yi saɓani, bi numfashin.

Mataki na biyar: tsarin mako takwas

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce babba na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Can za a je, ba daga can ake farawa ba.

A mako na 1 da na 2, yi minti 10 sau uku a mako, da hutun kwana ɗaya tsakani. Zai yi maka kamar wasa, kuma haka ake so. Aikin waɗannan makonni shi ne kafa lokaci da saba wa fita, ba gina ƙarfi ba. Ko ka ji za ka iya awa guda, tsaya a minti 10 ɗin.

Mako na 3 da na 4, minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu. A nan ne za ka fara kula da saurin takunka.

Mako na 5 da na 6, minti 25 sau huɗu, ka kuma shigo da ƙarfafa tsoka sau ɗaya. Mako na 7 da na 8, minti 30 sau biyar, ƙarfafa tsoka sau biyu. Ka kai minti 150 ke nan. Idan wani mako ya yi maka nauyi, maimaita shi maimakon ka wuce gaba. Kuma kada ka ƙara tsawon lokaci da saurin tafiya duka a mako ɗaya, ɗauki ɗaya ka bar ɗaya.

Kowane fita na da kashi uku. Minti biyar na farko a hankali don ɗumama jiki, sai tsakiya da saurin da aka bayyana, sai minti biyar na ƙarshe a sassauta har numfashi ya dawo. A makonnin farko na minti 10, minti biyu-biyu sun isa. Kada a tsaya cak bayan an yi sauri: jini kan taru a ƙafafu, jiri ya biyo baya, ga mai fargaba kuwa wannan jirin kaɗai na iya tayar da firgici. Sha ruwa kafin fita da bayan dawowa, kuma a lokacin zafi a zaɓi sassafe ko yamma. Fitar safe na da ƙarin riba, domin hasken rana da ke shiga ido da safe na saita agogon jiki, barcin dare ya zo da wuri.

Ƙarfafa tsoka ba sai da ƙarfe ba. Motsi huɗu sun wadatar. Zauna a kujera ka miƙe ba tare da dafa komai ba. Tsaya taku ɗaya daga bango, dafa shi da tafuka biyu daidai kafaɗa, lanƙwasa gwiwar hannu har ƙirji ya kusa bangon, ka turo kanka baya. Kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ɗaga ƙugu sama ka riƙe daƙiƙa biyu. Sannan ɗauki jaka mai ɗan nauyi, sunkuya kaɗan baya a miƙe, ka janyo ta zuwa haƙarƙari. Kowanne sau 8 zuwa 12, a huta minti ɗaya, a sake zagaye na biyu. Fitar da numfashi lokacin da kake yunƙuri, kada ka riƙe shi, musamman mai hawan jini. Idan sau 12 ya zama ba wuya, ƙara nauyi kaɗan ko zagaye na uku. A bar sa'a 48 tsakanin rana da rana.

Ranar da jiki ya ƙi

Wannan shi ne wurin da tsarin ke tsayawa ko ya rushe. Mai lafiya yakan ji sha'awa sannan ya yi aiki. Ga mai damuwa abin a juye yake: sai ya fara aikin sha'awar ke biyo baya, wani lokaci sai ya kai rabin hanya. Wanda ya zauna jiran ranar da zai ji yana so, zai daɗe yana jira. Saboda haka a rage yawan shawarar da za a yanke a lokacin fita, domin kowace tambaya ƙofa ce ta fasawa. Tun da dare a ajiye kaya da takalmi inda ido zai fara sauka. A tsayar da hanya ɗaya da aka sani, ba sai an yi tunanin ina za a bi ba. A liƙa fitar da wani abu da ake yi kullum ba fashi, a kuma rubuta shi ƙarara: "Litinin, Laraba da Juma'a, da na wanke baki, zan sa takalmi in zaga sau biyu." Irin wannan alkawari mai lokaci da wuri ya fi "zan riƙa motsa jiki" cika nesa ba kusa ba.

Sai dokar minti biyar. A ranar da ta yi muni, abin da ke kanka shi ne ka fita na minti biyar, kuma kana da cikakken izinin juyowa bayan haka. Sau da yawa za ka zarce. Idan ka juyo ma, ranar ta shiga lissafi, ka sa mata alama a littafi. Da babu gara ba daɗi. Idan fita ta gagara gaba ɗaya, tashi ka yi zama da miƙewa sau goma a bakin gado.

Abokin tafiya na da tasiri sosai, don mutum ya fi jin nauyin saɓa wa wani fiye da saɓa wa kansa. Ga mai son taimaka wa ɗan'uwa da ke cikin damuwa, "ka tashi ka motsa mana" ba ta aiki, tana ƙara masa jin cewa ya gaza. Abin da ke aiki shi ne ka zo da kanka a lokacin da kuka tsayar ka ce "zo ka raka ni", ku tafi ko da ba a yi hira ba.

A kuma yi haƙuri da sabo. Wani bincike da aka yi a Landan a 2009 ya nuna cewa sabuwar ɗabi'a na ɗaukar kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki, wasu ƙasa da haka, wasu har sama da wata takwas, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ta ba.

Idan fargaba ce matsalar

Mai yawan firgici na da wata matsala ta daban. Bugun zuciya, gumi da haki da motsa jiki ke kawowa su ne dai alamun da yake ji idan firgicin ya taso, don haka jikinsa na iya ɗaukar tafiyar sauri a matsayin haɗari. Wasu daga fitar farko suke dainawa saboda wannan. Amma a nan ɗin maganin yake. Duk lokacin da zuciya ta buga da ƙarfi ta kuma sauka ba abin da ya faru, ƙwaƙwalwa na koyon cewa bugun ba alamar mutuwa ba ce. Bayan likita ya tabbatar zuciya lafiya take, a yi haka: tsawaita ɗumama jiki zuwa minti 10, sannan a yi sauri na daƙiƙa 30, a sassauta na minti biyu ana lura da yadda bugun ke sauka da kansa, a maimaita sau huɗu. Duk mako a ƙara daƙiƙa 15. Idan tsoro ya taso, rage sauri amma kada ka tsaya ka gudu gida, ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida. A guji kofi da lemukan ƙara kuzari kafin fita, don suna ƙara bugun zuciya da karkarwa.

Abubuwan da kan ɓata tsarin

Mafi yawa shi ne farawa da zafi. Mutum ya samu rana mai kyau ya yi gudun awa guda, jiki ya yi tsami, tsamin kuma ya fi tsanani tsakanin sa'a 24 zuwa 72, kafin ya warke zumuɗin ya tafi. Tsamin tsoka da ya bazu ba matsala ba ne, tafiya a hankali ma na rage shi. Ciwo mai suka a gaɓa guda, ko kumburi, shi ne ke buƙatar hutu da dubawa.

Wasu na tafiya ne da damuwarsu, ƙafa na motsi zuciya na ta juya magana ɗaya, su dawo a gajiye ba sauƙi. Maganinsa a ba hankali aiki: ƙirga taku, lura da abubuwa biyar da ido ke gani da sautuka uku da kunne ke ji, saurari wani abu, ko a ƙara sauri har tunanin ya rasa wurin zama. Tafiya inda akwai itatuwa ko ruwa ta fi kwantar da hankali a kan bakin titi mai hayaniya.

Motsi mai tsanani cikin sa'a ɗaya kafin kwanciya na iya hana barci, don zafin jiki da bugun zuciya ba su sauka ba. A bar sa'a biyu tsakani. Miƙe-miƙen jiki da tafiya a hankali ba su da wannan illa.

Yawa ma na da illa. Wani nazari kan Amurkawa miliyan 1.2 da aka wallafa a 2018 ya gano cewa masu yin kimanin minti 45 sau uku zuwa biyar a mako su ne suka fi ƙarancin ranakun ƙunci, waɗanda suka zarce sosai kuma ribar ta ragu. Alamun an wuce gona da iri su ne gajiyar da hutu ba ya kawarwa, saurin fushi, lalacewar barci, da hawan bugun zuciya da safe. A rage rabi na mako guda. Idan kuma mutum ya kai ga ba ya iya hutun rana ɗaya sai ya ji laifi, yana fita da rauni a jiki, ko yana motsi don ya biya abincin da ya ci, abin ya zama wani ciwon, musamman ga mai matsalar cin abinci. Haka mai ciwon da ke kai mutum tsananin zumuɗi ya dawo da shi tsananin damuwa: idan ya ga yana motsa jiki ba gajiya, barcinsa ya ragu kuma bai damu ba, ya sanar da likitansa da wuri.

Bayan fashi na mako biyu ko fiye, saboda rashin lafiya ko tafiya, kada a koma inda aka tsaya. A koma baya da mako biyu a tsarin, a sake hawa.

Kuskure mafi haɗari shi ne ajiye magani don an ji sauƙi. Daina maganin damuwa kwatsam na kawo jiri, tashin zuciya da rashin barci, ciwon kuma na iya dawowa da ƙarfi. Motsa jiki na tafiya tare da magani da zaman tattaunawa da ƙwararre, rage magani kuwa likita ne ke tsara shi sannu a hankali. A tsaya nan take a nemi asibiti idan an ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ciwon da ke sauka hannu ko muƙamuƙi, ko alamar sumewa. Idan an cika mako shida zuwa takwas ana bin tsarin amma makin littafi bai motsa ba, ko damuwar ta hana aiki da cin abinci, a je wurin likita da littafin a hannu. Wanda kuma tunanin kashe kansa ko cutar da kansa ya zo masa, kada ya jira mako ko ɗaya: ya faɗa wa wani na kusa da shi a ranar, su tafi asibiti tare.